Daga bokitin Oregon zuwa allunan tarihin birane

A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. A da, na'ura kan kauce da kusan mita 100, sai ga shi dare ɗaya ta fara kai mutum dab da inda ya nufa. Ranar 3 ga wata wani masanin kwamfuta, Dave Ulmer, ya ɓoye baƙin bokitin roba a jeji kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka. Ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu, ya baza lambobin wurin a intanet. Sharaɗinsa: ka ɗauki abu, ka ajiye wani, ka sa suna a littafi.

Turawan Ingila za su ce sun riga shi, tunda tun 1854 James Perrott ya ajiye kwalba a Dartmoor don baƙi su jefa katinsu. Da gaskiyarsu, sai dai wasan, wato geocaching, bai bazu a duniya ba sai da Jeremy Irish ya buɗe geocaching.com a Satumban 2000 da maɓoya 75. Yau sun haura miliyan 3.

Bin kibiyar na'ura kawai ya gundiri wasu, sai suka shigo da wasa ƙwaƙwalwa. A irin wannan maɓoya, lambobin da aka ba ka na bogi ne, na ainihin sai ka warware kacici-kacici. A nan ne, a ganina, wasan ya yi hankali, domin ya koma cikin gari ya kama ginshiƙan tarihi.

Birane da yawa a Amurka da Kanada, idan sun cika shekara 100, sukan rufe wasiƙu da jaridu da hotuna a akwati, su binne, su kafa dutse ko allon tagulla a kai ɗauke da ranar rufewa da ta buɗewa. Al'adar ta yi suna da akwatin Westinghouse na baje kolin New York a 1939, wanda aka ce kada a buɗe sai 6939. Mai shirya kacici-kacici kuwa lambobi yake nema, ga su nan an sassaƙa. Sai ya ce ka ɗebe shekarar kafa gari daga shekarar buɗewa, ka ƙirga haruffan sunan magajin gari, ka haɗa. Sai ka ga mutum ya tsuguna gaban allon tagulla, yana share ƙura da yatsa don ya bambance 3 da 8, allon da mazauna unguwar suka yi shekaru suna wucewa ko kallo bai ishe su ba.

Akwatin tarihin dai ba a taɓa shi. Dokar wasan ma yanzu ta hana haƙa ƙasa, kuma ana so maɓoyar ƙarshe kada ta wuce mil 2 daga lambobin bogin. Sau da yawa 'yar ƙaramar roba ce mai maganaɗisu, a maƙale ƙarƙashin benci.