Fagge, Masaukin Baƙin Kano

 Yau tafiya za mu yi zuwa Kano, unguwar Fagge. Da yawa daga cikinmu mun taka ta ba tare da mun lura ba. Duk wadda ta taɓa zuwa Kantin Kwari sarin atamfa ko haɗa lefe, ko ta je Wapa canjin kuɗin guzuri za ta Makka, to ƙasar Fagge ta shiga. Sai dai yawanci a guje muke shiga mu fita a guje, ido na kan jaka, hankali na tasha kada mota ta tashi. Shi ya sa ba mu tambayar yadda aka yi wurin ya zama haka.

Kano dai birni ne mai ganuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, na bayansa suka yi ta faɗaɗawa. Kowace ƙofa da ƙyaurenta da mai tsaronta. Baturen nan ɗan Birtaniya, Kilafaton, da ya zo a 1824, ya rubuta cewa rana na faɗuwa ake rufe ƙofofin, sai kuma gari ya waye. To ki ɗauka ayari ne ya taso daga Agadas da ɗaruruwan raƙuma, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, ya iso bayan magariba. Ko da rana ma ya iso, lungunan cikin birni ba za su ɗauki wannan dabbobi ba. Dole a sami fili a bakin ganuwa, kusa da ruwa, kusa da kasuwa, inda za a sauke kaya a ɗaure dabbobi. Filin da ke arewa maso gabas da birni, wajen Ƙofar Mazugal da Ƙofar Wambai, shi ya zama wannan zango, shi ne Fagge.

Domin ki gane yawan baƙin da ake magana, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, aka sauke shi a unguwar Dala. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, amma ya ce da rani, lokacin da fatake ke shigowa, sukan kai 60,000. Wato gari ya ninka kansa cikin 'yan watanni. Ina waɗannan mutane suke kwana? Wa yake dafa musu abinci?

Sunayen unguwannin birni sun ba da rabin amsa. Akwai Zangon Barebari, akwai Agadasawa, akwai Tudun Nufawa, akwai Ayagi ta Yarabawa. Akwai Dandalin Turawa, kuma Turawan nan ba na Ingila ba ne, Larabawan Gadamus da Tarabulus ne, don su aka fara kira da wannan suna. Akwai kuma Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Kowane baƙo yana da inda danginsa suke, can zai nufa.

Sauran rabin amsar tana gidan fatoma. Fatoma shi ne mai masaukin baƙi, kuma aikinsa ya wuce ba da ɗaki da tabarma. Shi zai ajiye wa baƙo kayansa, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta idan ba ya jin Hausa, ya faɗa masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Idan aka sayar da kaya bashi, shi ne ya tsaya. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki kamar yadda muke yi yau, fatoma yana samun nasa ne daga la'adar cinikin da aka yi a gidansa. Saboda haka jarinsa amana ce. Rannan da aka ji kayan baƙo sun yi ƙafa a gidansa, baɗi ba wanda zai sauka. Shi Kilafaton ya ga irin wannan a kasuwar Kurmi, inda ya ce ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda ko an kai kayan Barno aka ga algus, za a dawo da su a nemi mai sunan ya biya.

Nan ne nake so mu ɗan tsaya, don nan ne namu. Littattafai sun ajiye mana sunayen madugai da attajirai, amma ba su ajiye sunan wadda ta tuƙa tuwon ba. Fatoman da ya sauke baƙi ashirin ko talatin, wata biyu ko uku suna gidansa, safe da dare akushi na fita zaure, ai ba shi ya yi surfe da niƙa ba. Matan gida ne, da 'ya'yansu, da barori. Kuma a faɗi gaskiya, kafin a hana bauta, kaso mai yawa na wannan wahala kuyangi ne suka sha ta, mata waɗanda aka rabo da garuruwansu, wasu ma a nan Kurmi aka saye su. Baƙo bai taɓa ganin fuskar uwargida ba, amma da hannunta yake auna gidan. Idan miya ta yi daɗi, furar rana ba ta yanke ba, baɗi ya dawo har ya jawo ɗan uwansa. Haka ma tufafin da Buzaye suke ɗauka su koma da shi arewa, zaren da aka saƙa shi mata ne suka kaɗa da mazari a cikin ɗakunansu. A ganina duk wanda ya ba da tarihin kasuwancin Kano ya tsallake madafa, ya ba da shi ne da giɓi.

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Abin da ya fi sauya Fagge kuwa jirgin ƙasa ne, wanda layinsa ya iso a 1911. Raƙumi ya ja baya, gyaɗa ta hau, kaya suka koma bin hanyar Ikko. Turawa suka yanka ƙasar da ke bayan ganuwa kashi kashi. Su suka zauna Nasarawa da Bompai. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Mutanen Lebanon da Siriya, waɗanda Hausawa suke kira Kwarori, aka ba su Fagge ta Kudu, suka gina kantuna suna sayar da yadi, iyali kuma suna zaune a sama ko a bayan kanti. Wannan shi ne asalin Kantin Kwari. A hankali yaran kanti da dillalansu Hausawa suka koyi sana'ar, suka kama nasu shagunan, har kasuwar ta koma hannunsu. Ita kuwa tsohuwar Fagge ta ci gaba da aikinta na da. Bahaushen da ya zo daga ƙauye ko daga wata masarauta, da mutumin Nijar, da duk Musulmin da ba shi da gida a birni, nan yake fara ajiye jakarsa.

Wannan zama na tsakiya ya jawo wa unguwar surutu. Mutanen cikin birni sun daɗe suna yi wa “waje” kallon wurin da tarbiyya ta yi sauƙi, ga gidajen silima irin Plaza, ga 'yan kiɗa, ga matan da suke zaman kansu. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma raini irin wanda ɗan gari yake yi wa baƙo a ko'ina. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a irin wannan wuri ne talaka ya fara buɗe baki. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta 1950, Fagge ta zama ɗaya daga cikin wuraren da ta fi ƙarfi, teloli da ƙananan 'yan kasuwa suka rungume ta. A farkon shekarun nan na 1950 ne Hajiya Gambo Sawaba ta zo daga Zariya tana tara matan Kano tana yi musu bayanin siyasa, aka kama ta aka ɗaure. Zaman tsakiya yana da nasa haɗarin kuma, don rikicin watan Mayu na 1953 a kan iyakar Fagge da Sabon Gari ya fi muni.

Sai maganar Wapa. Yau idan aka ce Wapa, 'yan canji ne suke zuwa zuciya, masu riyal da dala da sefa. Sunan kuwa gajarta sunan wani kamfanin jigilar alhazai ne na Afirka ta Yamma, wanda Alhaji Mahmud Dantata da abokansa suka kafa a 1948, har aka riƙa kiransa Mamuda Wapa. Da farko a mota ake kai mahajjata ta Chadi zuwa Sudan, daga baya aka koma jirgin sama. Kano ta fara ganin saukar jirgin sama tun a watan Nuwamba 1925, kuma filin jirginta ya daɗe yana zama mashigar alhazai daga ƙasashe da dama. Mahajjaci yana bukatar wurin kwana kafin tashi, yana bukatar canjin kuɗi, yana bukatar ɗinki. Duk ukun Fagge ta tanada, kuma har gobe telolinta ba su da na biyu wajen aikin riga.

To idan Allah ya kai ki, ki ware wuni ɗaya bayan kin gama sari. Abin hawa ba wuya, ga adaidaita sahu ko'ina. Kada mu manta, saboda mu mata aka fara kawo ta a 2005, don a raba mu da hawa bayan ɗan acaɓa, kafin a hana acaɓar ɗaukar fasinja a 2013 kowa ya dawo cikinta.

Ki fara da marinar Ƙofar Mata, tana nan dab da Kwari. Ana danganta kafuwarta da 1498. Za ki ga rijiyoyin rini a jere, ana haɗa baba da toka da ruwa a bar su su tsima kwanaki kafin a tsoma zane. Waɗannan zane masu kyau da kike gani a jikin yadin, mata ne suke ƙulle su da zare a gida kafin a kawo wa marina, don haka idan kin taya kada ki karya farashi har ƙasa. Da yawa daga rijiyoyin sun bushe, yadin waje mai araha ya kashe kasuwar. Daga nan ki shiga kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, ki ga 'yan turare da 'yan jima da masu kayan doki. Lungunanta matsattsu ne, gara ki tafi da wanda ya san ta. Gidan Makama yana kusa da fadar sarki, can Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, yanzu gidan tarihi ne, kuma ko don dubin rufin azara da ado na magina ya isa a shiga. Gidan Ɗan Hausa yana Nasarawa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909.

Dutsen Dala ki bar shi sai la'asar, rana ta yi sanyi. Akwai matakala, amma mai ciwon gwiwa ta bi a sannu. Daga sama za ki hango Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da Fagge can gabas. Za ki kuma nemi ganuwa ki rasa a wurare da yawa. An ɗebe ƙasarta an yi bulo, an gina gidaje da shaguna a kanta. Kududdufan da suke shanye ruwan sama su ma an cike da yawa an yi gini. Wannan ba maganar masu son tsofaffin kaya ba ce kawai. A watan Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dilolin atamfa da shadda, kuma 'yan kasuwar da kansu sun koka da gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Cikin waɗanda suka yi asara har da masu ƙaramin jari.

Maganar masauki kuwa, manyan otal suna wajen Nasarawa da Bompai, inda tsohon otal ɗin Central yake, kuma kuɗinsu ba na kowa ba ne. Masu sauƙin kuɗi sun fi yawa a Sabon Gari da gefen Fagge. Cikinsu akwai masu tsabta da mutunci, akwai kuma waɗanda mashaya ce a ƙasa, kiɗa har asuba, wanda macen da ta zo ita kaɗai ba za ta so ta kwana ba. Allon da ke bakin ƙofa ba zai faɗa miki wanne ne wanne ba. A nan tsarin fatoma bai mutu ba, ya sake riga ne kawai. Mata masu zuwa sari daga Damagaram da Maraɗi da Garwa da Injamena, da yawansu suna da maigida a kasuwa wanda suka saba da shi. Shi zai ajiye musu kaya a sito, ya haɗa su da mai mota, ya nuna musu inda za su kwana, wani lokaci ma ya kai su cikin gida wajen iyalinsa. Idan zuwanki na farko ne, ki bi wadda ta saba zuwa, ko ki sa a haɗa ki da irin wannan maigida tun kafin ki taso.

Ki nemi masauki tun da rana, kada magariba ta same ki a titi da kaya. Ki ce a nuna miki ɗakin kafin ki biya, ki murɗa famfo, ki gwada sakata, ki tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta da ƙarfe nawa ake kashewa, ki karɓi rasit. Kayan da kika sara kada ki kwana da su, ki bar su a sito, a rubuta yawan turame da launinsu a takarda biyu, ɗaya wajenki ɗaya wajen mai shago, kowa ya sa hannu. Sai ki kira gida ki faɗi sunan wurin da lambar ɗakin.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.