Ƙanƙarar Kilimanjaro da Landan Ta Ƙaryata

Ƙanƙarar da manomin Utai ya sani ita ce wadda kan zubo tare da ruwan damina, ta yayyaga ganyen dawa, ta narke kafin a ankara. In aka ce masa akwai dutse a Afirka wanda ya fi ƙasar Wudil kusa da layin ikwaita, amma ƙanƙara na zaune a kansa rani da damina, zai yi tantama. Masanan Turai sun riga shi yin wannan tantamar.

Ranar 11 ga Mayu 1848, wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya hango fari fat a ƙololuwar Kilimanjaro, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Da labarin ya isa Landan, William Cooley, masanin labarin ƙasa wanda bai taɓa taka Afirka ba, ya ce ido ne ya yaudari Rebmann. Mutanen Chagga kuwa, masu noman ayaba a gindin dutsen, kullum suna kallonta. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwa.

Abin da Cooley ya raina shi ne tsayi. Iska takan ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, Kilimanjaro kuma ya kai mita 5,895. Shi ya sa mai hawa yakan bar gonakin ayaba da kofi, ya ratsa kurmi mai laima, ya faɗa hamadar duwatsu, sannan ya tarar da ƙanƙara.

Yau ƙanƙarar na ƙarewa. A 1912 ta rufe kimanin murabba'in kilomita 11. Zuwa 2011 ba ta kai 2 ba. Iskar yankin ta bushe, dusar da ke zuba ta ragu, rana kuma tana mayar da ƙanƙarar tururi kai tsaye.

Ruwan da Chagga ke sha daga kurmin yake fitowa, ba daga ƙanƙarar ba. Amma bushewar da ke cinye ta ita ce ke barazana ga kurmin. Mutanen Wudil, da koginsu ke tasowa daga tuddai masu nisa a kudu, sun san abin da ƙarancin ruwa a tudu ke jawo wa mai fadama.