Ukashatu Sunan Maza Ne

Kwanan baya an yi suna a nan Sabo. Da liman ya raɗa wa jaririn Ukashatu, sai muka ji ƙunƙuni ta wajen mata, wai an sa wa namiji sunan mace. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin mun san yaron da malamin makaranta ya rubuta shi a jerin 'yan mata, saboda kunnensa ya saba da A'ishatu da Hafsatu. Har wasu iyaye sun fara gudun sunan.

To jama'a, wannan "tu" ɗin na ƙarshe ba ita ke raba mace da namiji ba. Harafin Larabci ne da muke furtawa, irin wanda ke cikin Hamzatu da Usamatu, kuma babu mai cewa Sayyidina Hamza mace ce.

Ma'anar kalmar kuwa, masana Larabci sun ce gizo-gizo ne, wasu suka ce gidan tururuwa. Kada wani ya tuna da Gizo na tatsuniya ya yi dariya. Larabawan da suna sa wa 'ya'yansu sunan dabba da ƙwaro, shi kansa Usamatu ai zaki ne.

Mu dai saboda mai sunan muke sa shi: Ukashatu ɗan Mihsanu, mutumin ƙabilar Banu Asad, cikin sahabban da suka yi hijira zuwa Madina. Ya halarci Badar a shekara ta 2 bayan hijira. Malaman Sira sun ruwaito cewa takobinsa ya karye ana tsakiyar yaƙi, Annabi (SAW) ya miƙa masa itace, ya girgiza shi ya zama takobi. Amma abin da ya fi fito da shi, wanda duk ɗalibin Islamiyya ya ji, shi ne hadisin da Buhari da Muslimu suka kawo na mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba hisabi. Ukashatu ya miƙe ya roƙi a yi masa addu'a ya kasance cikinsu, aka yi masa. Wani ma ya tashi, aka gaya masa Ukashatu ya riga shi. Har yau Larabawa na buga misali da wannan ga wanda ya makara. Mu 'yan kasuwa mun san zafin wannan.

A shekara ta 11, wato 632, lokacin yaƙin ridda, Halidu ɗan Walidu ya tura shi tare da Sabitu ɗan Aƙramu su leƙo rundunar Ɗulaiha, mai da'awar annabci, a kusa da Buzaha. Ɗulaiha da ɗan'uwansa suka kashe su. Abin tausayi, Ɗulaiha ma Banu Asad ne, ƙabilarsu ɗaya. Daga baya ya tuba, ya koma Musulunci, har ya yi yaƙin Ƙadisiyya a zamanin Sayyidina Umar.