Asalin Kalmar Haraji da Yadda A Ke Aza Shi

Ya ku 'yan makaranta, ba wanda bai taɓa jin kalmar haraji ba a cikinku, amma kaɗan ne suka san inda ta fito, da irin tafiyar da ta yi kafin ta iso bakinmu. To, ku saurara, gama wanda ya san tarihin kalman nan ya san wani babban yanki na tarihin sarauta da talakawa a ƙasar Hausa.

Kalmar dai baƙuwa ce, daga Larabci muka aro ta. Larabawa su kan ce kharaj, malamansu kuwa suna danganta ta da kharaja, watau fita, domin abu ne da ke fita daga amfanin ƙasa. Harafin farko na kalmar a maƙogwaro a ke furta shi, shi ya sa Bahaushe ya sassauta shi ya mai da shi ha, kamar yadda ya yi a hamsin da Alhamis da hatimi da alheri.

Can da kharaj kuɗin gona ne. Sa'ad da Musulmi suka ci ƙasar Iraƙi a zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi mulki daga 634 zuwa 644, mayaƙa suka so a raba musu gonakin a kan ganima. Halifa ya ƙi. Ya bar gonakin a hannun masu noma su, ya aza musu wani abu sananne da za su riƙa biya kowace shekara, don na baya su ma su amfana. Daga bisani Alƙali Abu Yusufu ya wallafa wa Halifa Haruna Rashidu littafi sukutum a kan wannan al'amari, sunansa Kitabul Kharaj, inda ya gargaɗe shi a kan zaluncin masu karɓa.

Amma fa kada ku zaci sai da kalmar ta zo kana sarakunanmu suka koyi karɓa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Naguji, wanda a ke lissafta sarautarsa daga 1194 zuwa 1247, shi ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona daga manoma. Sarki Kutumbi kuwa, 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Filani, har an ce ya karɓi shanu 100 daga Jahunawa. Da aka zo zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, sai abin ya wuce gona da iri. Ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, ya kuma sa malamai su ma su biya. Larabawan birni suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watse cikin ƙauyuka. Kun ga kwaɗayi mabuɗin wahala: sarki ya nemi ƙari, ya rasa masu biyan na da.

Irin wannan na cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kuka da shi. A littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafta jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin al'adun da sarakunan Haɓe ke ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. An fara jihadi a 1804, aka kafa sabuwar daula, amma mulki ba ya tafiya sai da dukiya, saboda haka da yawa cikin kuɗaɗen nan suka dawo, har da jangalin kansa.

Wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Kano a 1851, ya rubuta abin da ya iske. Kowane mai gida ya kan biya kuɗin ƙasa wuri 2,500, watau kimanin riyal guda na azurfa a kasuwar lokacin. Kowace karofi ta marina wuri 700, ga su kuwa sun fi 2,000. A Zazzau ya ji ba a bin kan gida, fartanya a ke bi, kowace guda wuri 500. Ku lura kuma, kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, gama da wuri a ke ciniki a wancan zamani.

Turawan Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Gwamna Lugga ya ga kuɗaɗen sun yi yawa, ga jakadu suna ci a tsakani, sai ya yi doka a 1906 aka gama yawancinsu wuri guda. Wannan dunƙulallen kuɗi shi ne jama'a suka riƙa kira haraji, jangali kuwa ya zauna daban. Aka fid da hakimai daga birni kowa ya koma gundumarsa, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarakuna albashi. Kuɗin ya kan taso daga mai gida zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, har ya kai Baitulmali, a raba tsakanin Gwamnati da En'e. Da aka daina karɓar wuri da hatsi, aka ce sai sule da kwabo, dole talaka ya nemi abin sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, wanda gonarsa ba ta biya shi ba kuwa ya tafi cin rani neman kuɗin haraji. Haka aka yi ta yi har bayan samun mulkin kai, sai a 1979 gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke shi. Kalmar ba ta mutu ba, sai ma faɗi da ta ƙara, har ta game abin da a ke cirewa daga albashi da wanda a ke sa wa kayan sayarwa.

Yanzu sai mu duba yadda a ke sarrafa ta a magana, don nan ne hikimar ta ke. Hukuma ita ke aza haraji, ko ta ɗora shi. Waɗannan kalmomi biyu na ɗaukar kaya ne, yadda a ke aza wa jaki mangala, ko a ɗora wa ɗan dako buhu a bisa gammo. Ashe tun wurin zaɓen kalma Bahaushe ya faɗi ra'ayinsa: haraji kaya ne, yana da nauyi. In an ƙayyade wa mutum rabonsa, sai a ce an yanka masa. Sa'an nan dagaci ya tara, talaka ya biya.

Kada kuwa ku gama shi da 'yan'uwansa, kowanne da kalmar da ke tafiya da shi. Zakka ba a aza ta, fid da ita a ke yi, gama ibada ce wadda Allah ya ƙayyade, kashi ɗaya cikin goma na hatsin da ruwan sama ya shayar. Gaisuwa kai ta a ke yi wurin babba. Tara kuwa cin mutum a ke yi, sai wanda ya yi laifi a kan ce an ci shi tara. Kuɗin fito asalinsa ladan mai jirgi ne da ya ƙetar da kai kogi, kana ya zama sunan abin da a ke biya in kaya za su ƙetare iyakar ƙasa. Yaron da ya rubuta an ci shi haraji, ko an aza masa zakka, ya ɓata Hausa, ya kuma ɓata ma'ana.

Wata rana a cikinku za a sami wanda zai riƙe alƙalamin yanka wa mutane haraji, sauran kuwa su zama masu biya. Mai biya ya sani hanya da asibiti da makarantar da ya ke zaune ciki ba su ginuwa da fatar baki, hakkinsa ne kuma ya karɓi takardar shaida, ya tambayi inda kuɗinsa ya tafi. Mai yankawa kuwa ya tuna da Kumbari da Kasuwar Kurmi. Mai jaki in yana da hankali ya kan duba ƙarfin dabbarsa kafin ya aza mata kaya, gama in ta durƙushe a hanya, shi da kayan duka sun kwana a daji. Allah ya ba shugabanni adalci, ya ba talakawa abin biya, amin.