Tarihin Gyaran Lanƙwasar Babbar Jijiya Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota, takan miƙe sama kaɗan, ta lanƙwashe kamar lauje, sannan ta gangara ciki. Daga wannan lanƙwasa rassa uku ke fita zuwa ƙwaƙwalwa da hannuwa. Hawan jini da tsufa da shan taba kan raunana bangonta har ya kumbura ko ya tsage, shi ya sa ciwon bai bar mutumin Hawandawaki ko Tasawa ko Mayahi ba, ko da yake dabarun gyaransa a nesa suka taso.

Da wuƙa aka fara. A 1957 Michael DeBakey da abokan aikinsa a Houston ta Amurka suka yi nasarar sauya lanƙwasar, inji na riƙe da aikin zuciya da huhu. A 1975 Randall Griepp ya nuna cewa ana iya sanyaya jiki sosai, a dakatar da gudun jini na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta jure. Aiki ne mai ceton rai, amma tsoho mai ciwon huhu ko ƙoda ba kasafai yake iya ɗaukarsa ba.

Sabuwar hanyar ita ce a ɗinka bututun yadi a kan ragar waya, a matse shi cikin siririn kube, a zura ta jijiyar gindin cinya ana kallo a na'urar hoto. Idan ya kai wurin ciwon sai a janye kuben, ragar ta buɗe ta manne da bango, jini ya bi ta sabon bututun. Nikolai Volodos ne ya fara yin haka a jijiyar ƙirji, a Kharkov cikin Tarayyar Sobiyet, a 1987. Juan Parodi ya yi a jijiyar ciki a Ajantina a 1990, kuma shi duniya ta fi ji, saboda ayyukan Volodos da Rashanci aka buga su. A 1994 Michael Dake na Jami'ar Stanford ya ba da rahoton marasa lafiya 13.

Duk waɗannan a miƙaƙƙen ɓangare ne. Lanƙwasa ta ƙi ba da kai: jini na bugunta da ƙarfi, bututu ba ya son kwanciya a kwana, kuma idan ya rufe bakin reshe ɗaya ƙwaƙwalwa ce za ta biya. Ko gogar waya a bango na iya ɓantaro ɗan daskararren kitse ya haura kai, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki.

Japanawa suka yi gaba a nan. A 1999 Kanji Inoue ya wallafa gwajin bututu mai rassa, daga baya kuma Shin Ishimaru ya raba jijiyar shiyya-shiyya daga 0 zuwa 4, rabon da likitoci ke aiki da shi har yau. A 2003 Timothy Chuter a San Faransisko ya harhaɗa bututu guntu-guntu a cikin jiki. Wasu suka koma jera ƙaramin bututu gefen babban, wasu suna huda ƙofa da hasken leza bayan an dasa shi. Dabarun gaggawa ne waɗannan biyun, domin bututun da ake ƙerawa daidai da jijiyar mutum kan ɗauki makonni, tsagaggiyar jijiya kuwa ba ta jira. Matsalarsu ita ce yoyon jini ta tsakanin bututun.

A 2014 Stéphan Haulon na Faransa da abokansa suka ba da sakamakon mutum 38 da aka sa wa bututu mai rassa ta ciki. 5 sun rasu cikin kwana 30, kuma sakamakon ya fi muni a farkon gwajin, kafin hannu ya faɗa. A 2022 hukumar FDA ta Amurka ta amince da bututun kamfanin Gore mai reshe ɗaya, na jijiyar hannun hagu. Ga matashi mai ƙarfin jiki, ko mai ciwon gado irin na Marfan, har yanzu tsaga ƙirjin likitoci suka fi zaɓa, domin ba a tara shaidar yadda bututun zai kasance bayan shekaru 30 ba.