Jijjigar Yara: Abin Da Ya Kamata A Yi Da Yadda Ake Kula Da Ita A Asibiti

Jijjiga, wadda ake kira taune-taune, ita ce sanƙarewar jikin yaro ko fizge-fizgen gaɓoɓinsa tare da fitar hayyaci. An fi ganinta ga 'yan wata 6 zuwa shekara 5 idan zazzaɓi ya yi zafi. A yankin Zariya, zazzaɓin cizon sauro lokacin damina da sanƙarau lokacin zafi suna cikin manyan sabubbanta. Ƙarancin sukari a jini, buguwa a ka da farfaɗiya su ma suna kawo ta. Ba a ɗaukarta ta hanyar yawu.

Taimakon Farko

A kwantar da yaro ta gefensa, a sassauta masa tufa, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu ko jiƙo, domin suna iya gangarawa cikin huhu. Kada a turara masa hayaƙi. A lura da lokacin da ta fara.

Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin yaro ya farfaɗo, tana iya lahanta ƙwaƙwalwa, don haka a garzaya asibiti. Ko da ta tsaya da kanta, a kai shi a duba shi a ranar. Daga Kwangila, hanyar Samaru ce ke kaiwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai kuma Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan.

A Sashen Gaggawa

Ma'aikata sukan fara da numfashin yaro, su sa masa iskar oksijin, su auna sukarin jininsa. Idan jijjigar ba ta tsaya ba, akan ba shi maganin diazepam ta jijiya ko ta dubura. Daga nan sai gwajin cizon sauro. In ya yi tsanani, a yi allurar artesunate. Idan ana zargin sanƙarau, akan ɗebi ruwan ƙashin baya don gwaji. Ƙin amincewa da wannan gwaji yana jinkirta gano cutar.

Kira Ga Shugabanni

Ana kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su tanadi abin hawa na dare a ƙauyukansu, su kuma ƙarfafa kwana cikin gidan sauro da kai yara rigakafi.