Takardar MOT da tsatsar da ke cin mota ta ƙasa

Yau Birtaniya za mu leƙa, kan wata takarda da duk mai tsohuwar mota a can yake fargabar ranar sabunta ta, wato MOT. Sunan ya samo asali ne daga Ma'aikatar Sufuri ta wancan lokacin. Ma'aikatar ta sha canza suna, amma haruffan uku sun zauna daram.

A shekarar 1960 aka fara wannan gwaji, zamanin da Ernest Marples yake ministan sufuri. A lokacin titunan ƙasar cike suke da motocin da aka ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ana ta lallaɓa su. Sai aka ce duk motar da ta kai shekara 10 a riƙa kawo ta duk shekara a duba abu uku kacal: birki, fitilu da sitiyari. Da farko ganin dama ne, a 1961 ya zama dole. Motocin da suka faɗi gwajin sun yi yawan da kafin shekarar ta ƙare aka rage wa'adin zuwa shekara 7. A 1967 aka mayar da shi shekara 3, kuma a nan yake har yau a Ingila, Scotland da Wales.

To ku lura, a jerin farko babu maganar tsatsa. Taya ta shigo a 1968. Sai a 1977 aka faɗaɗa gwajin ya haɗa da salansa, hon, sigina, waifa, da kuma lafiyar gangar jikin mota da shasinta.

Me ya jawo hakan? Yadda ake ƙera mota ne ya canza. A da, mota tana zaune ne a kan ƙaƙƙarfan firam mai kauri, bodi kamar riga ce aka ɗora mata. Daga baya kamfanoni suka koma haɗa bodi da shasi wuri guda da siraran faifan ƙarfe. Motar ta yi sauƙin nauyi da arha, amma yanzu bodin ne ke ɗauke da komai. Idan ya ruɓe, ƙashin bayan motar ne ya ruɓe. Ga kuma gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, wanda da yawansa daga mahaƙar Winsford ta yankin Cheshire ake tono shi. Ruwan gishirin nan yana shiga lungunan ƙarƙashin mota ya cakuɗu da laka ya kwanta, wata da watanni bai bushe ba. Shi ya sa tsatsa daga ciki take farowa. Ranar da ka ga fenti ya yi ƙuraje, ta daɗe da gama aikinta a ɓoye.

Labarin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Lancia Beta a 1980, lokacin da jaridu suka fallasa cewa wajen da ke riƙe da ƙaramin firam ɗin injin wasu daga cikin motocin yana ruɓewa. Kamfanin ya sayi motoci da dama daga hannun masu su, amma sunansa bai sake farfaɗowa a kasuwar ba, har ya fice daga Birtaniya a farkon shekarun 1990. A tsakiyar shekarun 1980 Audi ta fara lulluɓe bodin motocinta gaba ɗaya da tutiya, sauran kamfanoni suka biyo baya. Hakan ya jinkirta tsatsa ƙwarai, amma ƙaramin firam, bututun birki da hannayen shokozoba har yanzu suna shan gishiri.

Mai duba motar yana da ƙa'ida. Tsatsar da ke saman ƙarfe ba ta kayar da mota. Abin da yake nema shi ne ruɓewa a cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, sitiyari, shokozoba ko bel. Yana dannawa da yatsa, ya ƙwanƙwasa da wata 'yar guduma. Amma ba a yarda ya kwance komai ba. Idan an rufe ƙarƙashin motar da roba, ko an shafe ta da baƙin kwalta, abin da ke baya bai gani ba. Wannan fa shi ne raunin takardar: shaida ce ta ranar da aka yi gwajin, kuma ta abin da ido ya kai.

Abin da ya gyara lamarin shi ne shigar da sakamako cikin kwamfuta daga 2005. Yanzu da lambar mota kawai, kyauta, za ka ga tarihinta a shafin gwamnati: ranar da ta ci, ranar da ta faɗi, nisan tafiyar da ta yi, da jan kunnen da mai duba ya rubuta. Daga Mayun 2018 kuma aka kasa aibu gida uku: mai haɗari, babba da ƙarami.

Ni a ganina jan kunnen nan ya fi kalmar "ta ci" amfani. Mu ɗauki misali. A ce bana an rubuta cewa bututun birki ya fara tsatsa. Baɗi a ce ƙaramin firam na baya ya yi tsatsa amma bai raunana ba. Shekara ta uku a maimaita, a ƙara da gefen ƙasan ƙofa. Ta huɗu kuma shiru, takarda fes. Mai saye sai ya yi murna, alhali nan ne wajen tambaya. Ko dai an kai ta wajen mai walda, to ina rasit? Ko kuwa gareji aka canza, ko an shafe wajen ne. Tsatsa dai ba zazzaɓi ba ce da za ta sauka da kanta. Kuma a can kuɗin aikin walda yakan wuce darajar tsohuwar motar, shi ya sa za ka ga mota injinta lafiya lau an tura ta bola.

Ko kuma a tura ta jirgi. Motocin Birtaniya ba su cika zuwa mana kai tsaye ba, tunda sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Amma 'yan Beljiyam da ke sauka a Kwatano, da na Jamus da Amurka da Kanada, da yawansu sun sha irin wannan gishirin. Busasshiyar iskar Kano ko Maraɗi za ta rage wa tsatsar gudu, sai dai ƙarfen da ya riga ya zama garin burodi ba zai dawo ba, kuma ramukan hanyoyinmu ne za su gwada shi, wataƙila da iyalinka a ciki. Mu kuwa idan mun je sayen mota, inji muke saurara, mu kunna AC, mu shafa fenti. Ka ce wa makanikenka ya hau da ita rami, ya shiga da tocila da sukundireba, ya fara daga wajen tayoyin baya.